Maɓallin Yes ya ɓace a laftof ɗina, sabuwar firinta ta ƙi shiga

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a taimaka min, tun jiya da la'asar nake cikin damuwa. Ina da shagon buga takardu da foto kwafi, laftof guda ɗaya nake aiki da ita, ta hannu ce na saya shekara biyu da suka wuce, Windows 10 ce a kanta. Tsohuwar firintata ta mutu, na yi ta maza na sayo sabuwa. Na sauke direbanta, wato manhajar da take haɗa ta da kwamfuta, na danna, sai akwatin nan da yake dusashe allo ya fito yana tambayar ko na yarda a yi canji a na'urar. Da can Yes da No nake gani, in danna Yes a wuce. Yanzu No kaɗai ne. A samansa an rubuta "To continue, enter an admin user name and password", amma babu gurbin da zan rubuta komai. Na kashe na kunna ya fi sau biyar. Ga aikin ɗalibai uku a kan tebur, ga katin biki da na karɓi kuɗinsa, firinta tana nan sabuwa fil ko ledar jikinta ban gama cirewa ba.

Abu Safwan: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka wahalar da kanka, Windows ɗin ce ta lalace. Kai ta wajen masu gyara su yi mata fomatin, a goge komai a sake girka Windows, awa biyu an gama. Ni duk abin da ya fara irin wannan taurin kai haka nake masa.

Baban Khalifa: Abin da wani mai gyara ya ce min ke nan da safe. Amma akwai aikin mutane na shekara biyu a ciki, ga CorelDraw da salon rubutun da na tara, wasu ban ma san inda zan sake samun su ba. Shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna.

Injiniya: Alhaji, ka yi daidai da ka tsaya. Kada a taɓa fomatin yanzu. Alamar da ka bayar ba ta lalacewar Windows ba ce, asusunka ne ya sauka daga matsayin admin, wato mai cikakken iko a kwamfutar, ya koma na talaka, kuma babu wani admin da yake a buɗe da za ta nemi kalmar sirrinsa. Shi ya sa ta ba ka No kaɗai. Amma mu tabbatar kafin mu yi magani. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, danna Enter. Baƙin allo zai fito. Rubuta wannan:

net localgroup administrators

Ka turo mana abin da ya fito a ƙarƙashin Members. Wannan dubawa ce kawai, ba ta bukatar izinin admin.

Ɗalibi: Yaya kafin nan ka gwada danna dama a kan fayil ɗin ka zaɓi Run as administrator mana.

Baban Khalifa: Ƙanena na yi, akwatin nan ne dai yake dawowa da No ɗinsa. Injiniya, na rubuta. Suna ɗaya ne ya fito, Administrator. Nawa sunan babu shi.

Injiniya: To ga ciwon nan mun gani. Wancan Administrator ɗin asusu ne da Windows take zuwa da shi tun daga girkawa, amma a kulle yake, ba ya fitowa a allon shiga. Kai kuma an fitar da kai daga rukunin. Tambaya ɗaya: a 'yan kwanakin nan wani ya shiga wajen saitin asusu? Ko an yi ƙoƙarin canja suna, ko cire kalmar sirri?

Baban Khalifa: Bari in kira yaron shagona.

Abu Safwan: Ni fa tun farko abin da ban gane ba ke nan, me ya sa mutum zai sayi kwamfuta da kuɗinsa sannan ta riƙa tambayarsa izini? Ni ranar da na sayi tawa na shiga Control Panel na ja abin nan ƙasa zuwa Never notify, tun daga nan ban sake ganin akwatin ba. Alhaji ka yi haka ka huta.

Injiniya: Malam Abu Safwan, shi wannan abin da za a ja ƙasa, sai admin ne yake iya jansa. Da Alhaji zai gwada, No ɗin nan ce za ta sake tare shi. Kuma ko da an ja tun da can, kashe tambayar ba ya ba asusun talaka ikon da ba shi da shi. Sai ma abin ya fi rikitarwa, domin a yanzu aƙalla akwatin ya gaya mana inda matsalar take.

Baban Khalifa: Yaron ya amsa. Ya ce ranar Talata ya gaji da buga kalmar sirri duk lokacin da aka ɗauke wuta batir ya ƙare, sai ya kalli wani bidiyo a YouTube, aka ce ya rubuta netplwiz. Ya ce ya shiga Properties, ya ga Standard user da Administrator, ya ɗauka Standard ɗin shi ne na daidai, ya zaɓa ya danna OK. Wallahi yana tsaye a gabana idonsa ya cicciko, ya ɗauka ya kashe min jari.

Maman Ilham: Allah sarki. Alhaji don Allah kada ka yi masa faɗa da yawa, da ya ɓoye da yanzu kuna nan kuna lalube. Faɗin gaskiyar da ya yi shi ne rabin gyaran.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya ce. Kuma ba shi ne farau ba, wannan netplwiz ɗin ta sha jefa mutane a wannan rami, saboda tana barin mutum ya sauke kansa daga admin ko da shi kaɗai ne ya rage. Ba a kuma ganin illar nan take, sai ranar da aka zo girka wani abu. Shi ya sa kuka yi kwanaki kuna aiki lafiya.

Yanzu abu biyu kafin mu shiga gyara. Na farko, samo filas ko babban faifai na waje ka kwashe aikin mutane da duk abin da kake tsoron rasawa. Asusun talaka yana iya kwafar fayilolinsa ba tare da an tambaye shi komai ba. Gyaran da za mu yi ba ya goge komai, amma ban taɓa sa hannu a kwamfutar da ake cin abinci da ita ba sai an kwashe. Na biyu, buɗe This PC ka kalli faifan C. Akwai hoton kwaɗo a jikinsa?

Baban Khalifa: Babu kwaɗo. Mene ne amfanin wannan tambayar?

Injiniya: Alhamdu lillahi. Kwaɗon alamar BitLocker ce, wato an kulle faifan. Idan yana kunne, hanyar da za mu bi tana iya tsayawa ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, kuma laftof ta hannu sau da yawa mabuɗin yana wajen mai ita na farko. Tunda babu, hanya a buɗe take. Kwashe kayanka ka dawo.

Bamaraɗe: Salamu alaikum, ina bin zancen daga Maraɗi. Ni ma na taɓa faɗawa wannan, amma da na rubuta umarnin nan sai ta ce babu rukuni mai wannan suna. Na kwana biyu ina zaton tawa ta fi ta kowa lalacewa. Ashe Windows ɗinmu ta Faransanci ce, rukunin sunansa Administrateurs, asusun kuma Administrateur. Na faɗa ne saboda 'yan'uwa na wannan ɓangaren, idan suka kwafi abin da Injiniya ya rubuta harafi da harafi ba zai yi musu ba. Mu Oui ce take ɓacewa a bar mu da Non.

Injiniya: Na gode ƙwarai Malam, wannan ƙari ne mai amfani. Duk wanda bai tabbatar da sunan ba ya rubuta net localgroup kawai, za ta jero masa rukunonin da harshen da take ji.

Sarkin Yaƙi: Ni ina da magana, kuma ba da Alhaji nake ba. Yanzu a bainar jama'a za a koyar da yadda ake shiga kwamfuta a zama admin. Zauren nan mutum nawa ne a ciki? Idan wanda ya ɗauke laftof ɗin wani yana karantawa fa? Ina ganin irin wannan a bi mutum ta akwatin sirri ya fi.

Ɗalibi: Amma Baba ai duk wannan yana intanet, ko ba a faɗa a nan ba mutum zai samu.

Sarkin Yaƙi: Kasancewarsa a wani wuri bai sauke mana nauyin abin da muka faɗa da bakinmu ba, ɗana.

Injiniya: Ranka ya daɗe, damuwarka tana kan hanya, kuma da fasa kalmar sirrin wani aka tambaye ni da ban amsa ba, a nan ko a ɓoye. Amma wannan daban ne. Ƙofa ce da Microsoft da kanta ta bari saboda irin wannan rana: idan admin na ƙarshe ya sauka ko aka goge shi, Safe Mode, wato yanayin da Windows take tashi da abubuwan dole kawai, tana barin wancan kullallen Administrator ya shiga don a gyara. Idan kuwa akwai admin ko guda ɗaya da yake aiki, ƙofar ba ta buɗewa. Haka nan idan kwamfutar tana ƙarƙashin cibiyar wata ma'aikata. Wanda ya ɗauki laftof ɗin da mai ita yake admin ba zai ga komai a can ba. Shi ya sa ma na fara da tambayar su wa ke cikin rukunin.

Sarkin Yaƙi: To idan haka ne na gamsu. A ci gaba.

Baban Khalifa: Na kwashe, ya ɗauke ni kusan awa guda. Ina jinka Injiniya.

Injiniya: Sa caja tukuna, kada ta mutu a tsakiya. Ka fita daga asusunka zuwa allon shiga. A ƙasa ta hannun dama akwai alamar kashewa. Riƙe Shift da yatsa, kada ka saki, ka danna Restart. Shuɗin allo zai fito. Ka bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, sai Restart. Za ta tashi ta nuna jerin lambobi, danna 4. Idan ta kai allon shiga, duba ƙasa ta hannun hagu, za ka ga Administrator kusa da sunanka. Shi za ka shiga. Idan ba a taɓa sa masa kalmar sirri ba, haka zai buɗe. Zai ɗan jima a karon farko, ka yi haƙuri da shi.

Baban Khalifa: Ta tashi yadda ta saba, ban ga shuɗin allo ba.

Ɗalibi: Yaya ka saki Shift da wuri ne. Ka riƙe har sai ka ga rubutun Please wait.

Baban Khalifa: Yauwa, yanzu ta yi. Na shiga. Allon baƙi ne, an rubuta Safe Mode a kusurwoyi huɗu, gumakan sun yi manya-manya. Amma Injiniya gabana ya faɗi, babu fayilolina ko ɗaya a kan allo!

Injiniya: Kwantar da hankalinka, suna nan. Ɗakin wani ka shiga, naka yana kulle yadda ka bar shi. Buɗe cmd kamar ɗazu ka rubuta net user, za ka ga ainihin sunan asusunka. Sai ka rubuta:

net localgroup administrators sunanka /add

A wurin "sunanka" ka sa abin da ka gani.

Baban Khalifa: Ta ƙi. Ta fito da dogon rubutu, kamar tana koya min yadda ake rubuta umarnin.

Injiniya: Sunan kalma biyu ne?

Baban Khalifa: E, akwai tazara a tsakani.

Injiniya: Sa shi tsakanin alamun zance, irin masu ɗigo biyu a sama, ɗaya a farkon sunan ɗaya a ƙarshe. Idan babu su tana ɗaukar kowace kalma a matsayin abu daban.

Baban Khalifa: "The command completed successfully." Allahu Akbar.

Injiniya: Yi Restart yadda ka saba, ba tare da Shift ba, ka shiga naka asusun, ka sake danna direban.

Maman Ilham: Kafin Alhaji ya dawo, Malam Injiniya ni ma a duba ni. Ta ofishin makarantarmu ce, ni nake buga sakamakon jarrabawa da ita. Tawa ko akwatin ma ba ya fitowa. In na danna dama na zaɓi Run as administrator sai 'yar da'irar nan ta juya kaɗan ta ɓace, shiru. Wani lokaci ma gumakan allon duka su ɓace su dawo. Ko ni ma Safe Mode ɗin zan shiga?

Injiniya: A'a Hajiya, kada ki bi hanyar Alhaji, ciwonku ba ɗaya ba ne. Gwada wannan: danna maɓallin Windows, rubuta cmd, sai ki riƙe Ctrl da Shift ki danna Enter. Wannan ma neman izinin admin ne, amma bai bi ta danna dama ba.

Maman Ilham: Ya fito! Yes da No duka suna nan.

Injiniya: To asusunki lafiya lau. Matsalar tana cikin jerin nan da yake fitowa idan an danna dama. Manhajoji da yawa suna cusa nasu layin a ciki, masu matse fayil, masu juya takarda zuwa PDF, masu sauke bidiyo. Idan ɗaya ta zo da matsala sai ta riƙa kayar da File Explorer, shi ne ɓacewar gumakan da kike gani. Ki tuna abin da aka girka kafin abin ya fara, ki cire shi ki gwada. Idan ba ki gano ba, akwai ƙaramar manhaja ShellExView da take jero su duka, a kashe waɗanda ba na Microsoft ba, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana.

Da a ce wannan gwajin ma bai fito da komai ba, da sai mu duba Application Information a cikin services.msc. Ita ce take ɗaga manhaja zuwa matsayin admin, kuma wasu manhajojin da suke iƙirarin ƙara wa kwamfuta sauri suna kashe irin waɗannan hidimomi. Idan aka kashe ta, ko kai admin ne babu abin da zai tashi.

Maman Ilham: Akwai wata ta juya PDF da wani malami ya sa mana farkon zango. Gobe in sha Allahu zan cire ta in gani. Allah ya saka da alheri.

Ma'aikaci: Ni tawa ta wurin aiki ce, tana cewa "This program is blocked by group policy". Wace hanya zan bi?

Injiniya: Hanyar ofishin masu kula da kwamfutocinku. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan suka rufe, kuma kwamfutar amana ce a hannunka. Gaya musu abin da kake son girkawa da dalili.

Baban Khalifa: Jama'a Yes ta dawo! Direba ya shiga, firinta ta ja takarda ta buga shafin gwaji, ga shi a hannuna da ɗuminsa. Yaron nan har da tsalle. Injiniya, Allah ya ji ƙan mahaifa, Allah ya biya ka da gidan Aljanna. Da yanzu an goge min komai a banza.

Abu Safwan: Ma sha Allah, na yarda fomatin bai kamata a nan ba. Amma ina nan a kan bakana game da akwatin. Ga shi ya hana bawan Allah aiki kwana guda cur. A zamanin Windows XP wa yake tambayarka? Ka danna, abu ya shiga.

Sarkin Yaƙi: Ni na yi aiki da XP shekaru, Malam Abu Safwan. Abu yana shiga, gaskiya ne, amma har da wanda ba ka gayyata ba. Mun sha kai kwamfuta wanki saboda filas guda ɗaya.

Injiniya: Abin da ya sa aka kawo akwatin ke nan a Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007. Sunansa User Account Control. A XP yawancin mutane da asusun admin suke zama, don haka duk manhajar da suka buɗe tana da ikon taɓa ko'ina. Daga Vista, ko kai admin ne, da ikon talaka kake yawo, sai an zo babban aiki a tambaye ka. Mutane sun yi kuka da yawan tambayar, shi ya sa Windows 7 a 2009 ta zo da matakai huɗu a zaɓa. Wanda ka ja zuwa ƙasa, ma'anarsa duk manhajar da ta nemi iko a ba ta ba tare da an sanar da kai ba. A kwamfutar ɗaki da ba ta karɓar baƙi, kai ka san abinka. A shago irin na Alhaji, inda filas ɗin mutane yake shiga daga safe zuwa dare, ba zan ba da wannan shawarar ba.

Abu Safwan: Amma ai ƙwayar nan mai mayar da fayiloli shotkot tana shiga ko akwatin yana nan.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Irinta da yawa a cikin asusun mutum suke zama, ba sa neman admin, don haka akwatin ba ya ganinsu. Aikin Windows Defender ne, manhajar kashe ƙwaya da Windows take zuwa da ita, da kuma kula da abin da ake dannawa a cikin filas. Abin da akwatin yake tsarewa shi ne cikin Windows kanta, da direbobi, da asusun sauran mutane. Ɓarnar da ta tsaya a asusu ɗaya ana share ta cikin sauƙi, wadda ta kai can ciki ita ce take kai mutum ga fomatin ɗin da muke gudu.

Bamaraɗe: Ni tun da abin ya same ni asusu biyu nake da su, na admin da na aikin yau da kullum.

Injiniya: Shi nake so Alhaji ya yi yau kafin ya rufe shago. Shiga Settings, Accounts, Family & other users, ka buɗe wa yaron nasa asusun a bar shi a Standard. Zai buga takardu, zai yi zane, zai yi duk aikin shago. Ranar da za a girka wani abu akwatin zai nemi kalmar sirrinka, kuma wannan karon da gurbin rubutawa, tunda akwai admin a buɗe. Naka kuma ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi ka rubuta ta a littafi a gida.

Baban Khalifa: Shi wancan Administrator ɗin da na shiga fa? Ba shi da kalmar sirri, kada wani ya bi ta nan.

Injiniya: Tunda ka koma rukunin, Safe Mode ba za ta sake nuna shi ba. Idan kana son ganin tabbaci, buɗe cmd ka rubuta net user administrator, ka duba layin Account active. No ya kamata ka gani.

Baban Khalifa: No ce. Na buɗe wa yaron nasa, shi ya zaɓi kalmar sirrinsa da kansa, gajeriya yadda ba za ta gajiyar da shi ba. Amma da ya shiga bai ga aikin ɗaliban ba.

Ɗalibi: Yaya ka zuba su a C, cikin Users, cikin Public. Duk abin da yake nan ku biyun za ku gan shi.

Baban Khalifa: Na zuba, ya gani. Ya fara buga na farkon, mai katin biki kuma ta ce tana hanya bayan magariba.